Gwajin intalukin ga ciwon dajin da ya ƙi jin magani: yaya ake yinsa?

Malamar jinya, Yamai:
Salamu alaikum. Likitoci, ku taimaka mini da bayani. In an yi shimiyo (maganin kashe ƙwayoyin daji), an gasa ƙari da haske, ciwon ya dawo, dangi kan fara tambayar gwajin da ake yi a waje da furotin ɗin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da shi. Wa ake ɗauka, nawa ake ba shi, me ke sa a tsaya?

Likitan daji:
Wa alaikumus salam, Malama. Sitokin ake ce musu, kuma wanda aka fi sani shi ne intalukin-2. Amurka ta amince da shi a 1992 don dajin ƙoda da ya bazu, sai melanoma, wani dajin fata, a 1998. Ma'auninsa IU (awon ƙarfin magani) 600,000 kan kowane kilo na nauyin majinyaci, ta jijiya cikin minti 15, kowace awa 8, iyaka sau 14. A huta kwana 9, a sake. Mai kilo 60 ke nan miliyan 36 kowane zubi. Wajen mutum 15 cikin 100 ƙarinsu ya ja baya, 6 ko 7 ya ɓace ɗungum, wasu shekaru da yawa bai dawo ba.

Wahalar tana ga ƙananan jijiyoyi. Sukan saki, ruwan jini ya tsiyaye cikin nama: tansiyo ya faɗi, fitsari ya ragu, jiki ya kumbura. Nan ne ake kuskure, don hannu kan tafi ga ƙarin ruwa, leda bayan leda, ruwan kuwa huhu yake tafiya. A ba da kaɗan, in tansiyo bai tashi ba a koma maganin matse jijiya. A auna nauyi kowace safiya, a rubuta fitsari. In majinyaci ya fara ruɗewa, zubi ya ƙare. Kortizon, maganin kwantar da kumburi, yana kashe aikin maganin, don haka ba a ba da shi sai in rai ne a kan gaɓa. Kuma ina roƙo, a ƙasarmu kada a ɗora wa maganin kowane zazzaɓi ba tare da an duba na cizon sauro da ƙwayar cuta a jini ba.

Malamin bincike:
Gaskiya ne, Likita. In ƙara kan tsarin gwajin. Matakin farko ma'aunin da jiki ke ɗauka yake nema, warkarwa ba alkawari ba ce, kuma hakkin dangi ne a faɗa musu haka ƙarara. An saba farawa da mutum 3. In babu wanda ya sami mummunar illa, a hau ma'auni na gaba. In ɗaya ya samu, a ƙara 3 a wannan ma'auni. In biyu ne, an wuce iyaka.

Jadawalin ma ba abin wasa ba ne. A gwajin intalukin-12 na 1995, matakin farko ya ba da allura ɗaya, aka jira mako 2 kafin ta kullum. Mataki na biyu ya cire waccan allurar, ma'auni bai canza ba. Cikin mutum 17 aka kwantar da 12, biyu suka rasu.

Mai tafiya da ƙafarsa ake ɗauka, zuciya, huhu da ƙoda lafiya. Sakamako kuma sikana ke faɗinsa: raguwar girman ƙari da 30 cikin 100 ja baya ne, ƙaruwarsa da 20 cikin 100 ci gaban ciwo ne.

Mai farmasi, Tawa:
Malama, ki ja kunnen dangi: intalukin furotin ne, ciki narkar da shi yake, don haka duk mai tallar ƙwaya ko garin sha da wannan suna ƙarya yake. Na gaskiya a firji yake zama, digiri 2 zuwa 8. Akwai dai ci gaba: a 2024 Amurka ta amince da Anktiva, mai aikin intalukin-15, don dajin mafitsara da BCG (rigakafin tarin fuka da ake magance wannan dajin da shi) ya kasa, kuma cikin mafitsarar ake zuba shi tare da BCG ɗin. Mai neman shiga gwaji ya fara daga likitansa a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, ya haɗa takardar binciken tsokar da aka yanko, hotunan sikana da jerin shimiyon da ya sha da kwanakinsu. Ya nemi ganin amincewar kwamitin ɗa'a kafin ya sa hannu, kuma yana da ikon fita duk ranar da ya so.