Masu aikin kwamfuta sun iya rubutu kuwa? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai rubuta manhaja, Kaduna:
Assalamu alaikum. An miƙa mini wata manhajar biyan albashi da wani ya gina kafin ya bar aiki, kuma duk bayanin da ya bari bai wuce layi ɗaya ba: a kunna saba (wato kwamfutar da manhajar take aiki a kanta), sauran a fili yake. Mutumin gwani ne, aikinsa tsaf, amma sai da na yi ta lalube kafin na gano inda ake lissafin harajin ma'aikata. Ina so in ji ko haka kuka tarar da abokan aikinku.

Malamar kimiyyar kwamfuta, Zariya:
Wa alaikumus salam. Duk shekara ina duba rahoton SIWES na ɗalibai, wato horon aikin da suke zuwa yi a ma'aikatu, kuma abin yana damuna ƙwarai. Yaro zai shafe wata shida yana jan waya, yana haɗa kwamfutocin ofis, sai ya cika shafuka da tarihin ma'aikatar, aikin da ya yi da hannunsa kuwa ya dunƙule shi a jimla biyu. Idan na zaunar da shi na ce ya faɗa mini da baki, sai ya jero komai tiryan-tiryan, domin yana ganin fuskata, yana gane inda na ɓace. A takarda ne yake manta cewa mai karatu ba ya wurin lokacin da aka yi aikin, kuma mu malamai ba mu cika koyar da wannan ba.

Injiniyan sadarwa, Abuja:
Malama, na yarda da ke game da ɗalibai, amma sana'ar tana da marubuta na gaske. Ƙa'idojin intanet a rubuce suke cikin takardun RFC, waɗanda wani masanin kwamfuta, Steve Crocker, ya fara a 1969, kuma da su na koyi aiki. A 1997 har takarda guda aka ware don bambanta abin da yake dole da abin da yake shawara a cikin ƙa'idojin. Kamfanin Amazon ma tun 2004 ya sa manyan ma'aikatansa su riƙa rubuta cikakken bayani maimakon taƙaitattun bayanan da ake haskawa a allo da manhajar PowerPoint, ana karantawa kafin a fara tattaunawa. Inda na taɓa aiki, ba a karɓar gyaran da ma'aikaci ya yi sai wanda bai san aikin ba ya bi bayanin ya yi nasara, kuma da wannan sharaɗi kowa ya gyara alƙalaminsa.

Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano:
Ranka ya daɗe injiniya, mu a kasuwa wahalarmu ita ce rashin bayani da Hausa. Dattijo zai kawo waya, manhajar banki ta nuna masa saƙon kuskure da lamba kawai, bai san ko kuɗinsa sun fita ba. Ni nake rubuta wa irinsu matakai a bayan rasit, kuma na lura idan na tsallake ko da "danna koren maɓalli" ne, washegari sai sun dawo.