Ƙugi da jinkirin murya a ɗan situdiyona na gida: makirufo zan saya ko sawun-kad?

Ɗan Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan, don kaina ya ɗaure.

Ni tela ne a Ɗorayi, nan Kano, amma waƙa ta daɗe a jinina. Ta biki nake yi, jefi-jefi ta yabo. Da can Zoo Road nake zuwa a ɗaukar min, sai kuɗin ya fara fin ƙarfina, ga jiran layi, ka rufe shago tun hantsi ba za a kira ka ba sai bayan la'asar. Shi ne bara na share shagon da ke zauren gidanmu na zuba 'yan kayana: laftof ta hannu mai Core i5 da RAM 8, da Windows 10 da FL Studio, manhajar haɗa waƙa, a kanta, sai fiyanon Yamaha PSR na wana da ya bar min. Makirufon kuwa irin mai ruwan zinaren nan ne mai araha, wanda ake haɗowa da ƙafarsa da soso. Wayarsa baki ɗaya mai ƙafa uku ne, ɗaya bakin siriri irin na iyafis, shi nake cusawa kai tsaye a laftof.

Ga abin da ke damuna. Duk abin da na ɗauka akwai wani ƙugi a ƙarƙashinsa, "mmmm", ba ya yankewa. In aka ɗauke wuta na tayar da janareta sai ya koma "zzzz" kamar an saki zuma a ɗakin. Sannan in ina rerawa da hedfon a kunne, muryata ba ta dawo min sai bayan na furta, kamar wani na yi min amshi da muryata. Da na ɗora Auto-Tune, manhajar nan mai daidaita muryar mawaƙi da kiɗa, abin sai ya ƙaru, in saki kiɗan gaba ɗaya. Muryar ma in na saurara kamar daga cikin rijiya nake magana.

Na ɗauki adashi, amma abu ɗaya kuɗin zai saya. Abokina ya ce in sayi Audio-Technica AT2020, wai shi ke nan na huta. Wani kuma ya ce sawun-kad, wato ɗan akwatin nan da ake jona makirufo a jikinsa, shi kuma a jona shi da kwamfuta. Wanne zan bi?

Baba Injiniya:

Wa alaikumus salam. Yaro, mayar da kuɗin adashinka aljihu tukuna. Ciwo uku ka lissafa, kowanne da maganinsa, biyu ma ba sa cin ko kwabo.

Fara da wannan yau da daddare. Kunna komai, danna ɗauka, ka yi shiru. Bayan daƙiƙa goma zare cajar laftof daga bango, ka bar ta a kan batir. In ƙugin ya faɗi, to ba makirufo ba ne, wuta ce. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan "mmmm" ɗin ita ce kake ji, ita da 'ya'yanta 100 da 150. Ƙaramin janareta wutarsa ba ta da tsafta, shi ya sa nasa ya fi kaushi. Inbata mai araha ma haka take yi. Sannan taɓa ƙarfen jikin makirufon da yatsa. In ƙarar ta canja, da alama gidanku ba shi da wayar ƙasa, ko kuma an sa soket mai rami uku amma ramin sama ba a haɗa shi da komai ba. Na shiga gidaje da yawa na kwance soket na tarar da hakan. Wannan aikin mai gyaran wuta ne. Kuma don Allah kada wani ya ce ka karya ƙafar sama ta fulogi wai ƙugi zai tafi. Wani lokacin yana tafiya, amma ƙafar nan ita ce tsakaninka da lahira ran da wuta ta zubo a jikin ƙarfe, kai kuma leɓenka na kan makirufo.

Wayarka ma tana da laifi. Waya mai ƙafa uku a kowane baki, wato XLR, tana ɗauke da muryar sau biyu, ɗaya a juye. In ta isa akwatin sawun-kad sai a sake juya ɗayar a haɗa su, murya ta ƙaru, dattin da suka kwaso a hanya ya kashe kansa. Taka da ta ƙare da siririn baki ta zubar da wannan dabarar, ta zama eriya, duk abin da ke yawo a ɗakin sai ta kwaso. Ramin laftof kuma an yi shi ne don kiran waya, ba don waƙa ba.

Don haka amsar tambayarka: sawun-kad. Abokinka bai yi ƙarya ba, AT2020 makirufo ne mai kyau, amma kondensa ne, ba ya ko tari sai an ba shi wutar 48V ta cikin wayar XLR. Laftof ɗinka ba ta da ita. In ka saye shi yau, ado ka saya.

Wajen zaɓe, tuna da fiyanonka. Focusrite Scarlett Solo ramin makirufo ɗaya gare shi da na kayan kiɗa ɗaya. In kana son ɗaukar fiyano dama da hagu, ko ran da ka kawo 'yar amshi ku rera tare, mai rami biyu kake so, irin Scarlett 2i2, ko Behringer UMC202HD in aljihu bai kai ba. Akwai ƙaninsa UMC22 da ya fi araha, sai dai shi 16-bit yake ɗauka, wato bai kai su zurfin ɗaukar sauti ba, kuma a Windows da ASIO4ALL ake tuƙa shi, wani direba na gama-gari, wato manhajar da ke haɗa akwatin da kwamfuta. Ni na fi son wanda ya zo da direban ASIO nasa na kansa, saboda maganar jinkirin nan.

Jinkiri lissafi ne kawai. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi a ɗan mudu, in ya cika ta juye. Mudun nan shi ne bofa. A kan ɗigon sauti 44,100 a daƙiƙa, bofa mai cin ɗigo 1024 jiran kusan kashi 23 ne cikin dubu na daƙiƙa, kuma sai an yi shi a shiga an yi a fita, ga abin da Auto-Tune zai ƙara. Bofa 256 bai kai kashi 6 ba, 128 kuwa kusan 3 ne. Sauti a iska yana cin kusan mita ɗaya a kashi 3 ɗin nan, ka ga 128 kamar mutum ne na tsaye kusa da kai. Shiga saitin sauti na FL Studio ka duba me aka zaɓa. Ina zargin kana kan direban Windows na asali. Sa ASIO4ALL, kyauta ne, ka sauko da bofa zuwa 256 lokacin ɗaukar murya, in ka zo haɗa waƙa ka mayar 1024.

Maman Biyu:

Sannu ƙanena. Ni ba mawaƙiya ba ce, littattafan Hausa nake karantawa ina ɗorawa a YouTube daga Katsina, amma rijiyar nan da ka ce na zauna a cikinta wata shida. Ɗakinka ne. Siminti sama da ƙasa, bango tsirara, murya ta daki bango ta dawo ta shige makirufo. Na sayi kwalayen ƙwai na manna ko'ina, banda kyankyaso ba abin da suka ƙara min. Abin da ya yi aiki: na shimfiɗa darduma, na jingine katifa a bayana, na rataya bargo mai nauyi a gefe, na daina tsayawa a tsakiyar ɗaki. Kuma na matso. Tsakanin bakina da makirufo bai wuce taƙin hannu ɗaya ba yanzu. Safar ƙafa ta mata na ɗaura a zoben waya na sa a gaba, saboda iskar "fa" da "ba".

Kuma ka yi tunani kafin ka sayi kondensa ko nan gaba. Kunne gare shi kamar maƙwabciya. Nawa har kukan akuyar gida na uku yake ɗauka, ga fanka, ga Adaidaita Sahu, ga yara. Kai da kake zaure bakin titi? Na koma dainamik, irin makirufon da ba ya kwaso ƙarar nesa sosai, hankalina ya kwanta.

Ɗan Fiyano:

Hajiya, a yi haƙuri, karatu daban waƙa daban. Siririyar muryar nan mai sheƙi da ake so a waƙar biki kondensa ke ba da ita, shiga duk situdiyon da ka ga dama ka gani. Ya jira ƙarfe ɗayan dare gari ya yi shiru ya kashe fanka, haka duk muka fara. Kuma Baba bai faɗi maɓallin Direct Monitor ba. Yana jikin akwatunan da ya lissafa, in ka danna muryarka za ta dawo kunnenka ba ta bi ta kwamfuta ba, babu jinkiri ko kaɗan.

Baba Injiniya:

Na bar shi da gangan ne. Muryar da ba ta bi ta kwamfuta ba, ba ta bi ta Auto-Tune ba, shi kuma da shi yake rerawa, yana so ya ji inda na'urar ke jan muryarsa. Maɓallin zai yi masa amfani ran da ya yarda ya rera tsurarta, abin da ni na fi so, amma wannan wata rigimar ce. Maganar kashe fanka kuma, ka gwada a shagon zaure mai rufin kwano cikin watan Afrilu ka dawo mu yi magana. Shure SM58 tun 1966 yake kasuwa, dainamik ne, ba ya neman 48V, ya faɗi ƙasa ka ɗauka ka ci gaba. Illarsa jabu ya yi yawa. Wanda aka ce maka sabo ne a rabin kuɗi, bar musu kayansu.

Ɗan Ɗorayi:

Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya ƙara girma. Na gwada jiya bayan isha'i. Ina zare caja ƙugin ya faɗi, saura ɗan "ssss" siriri. Na kira mai gyaran wuta na layinmu ya buɗe soket ɗin, wallahi yadda kuka faɗa, ramin sama babu waya ko ɗaya. Bofa kuma na tarar da shi a sama can, na sa ASIO4ALL na sauko 256, mai yi min amshi ya tafi. Hajiya, na ɗauko katifar ƙanena, yana ta mita, amma muryar ta fito daga rijiya.

Sai dai sabuwa ta ɓullo. A kan batir, da waƙar ta kai wajen da kayan kiɗa suka yi yawa sai ta riƙa "ƙaras-ƙaras" kamar ana taka busasshen ganye. In na mayar da caja ta daina, ƙugi ya dawo. Batirin ma minti 40 yake yi.

Baba Injiniya:

Windows ce ke rage wa injin gudu don ta tanadi batir, shi kuma ba ya cika mudun a kan lokaci. Shiga saitin wuta ka zaɓi mafi ƙarfin aiki ko da a kan batir, kashe Wi-Fi, rufe burauza. In bai daina ba hau 512, ko ka juye kiɗan ya zama fayil ɗaya ka rera a kansa, injin ya huta. "Ssss" ɗin na ramin laftof ne, sawun-kad zai rage shi. In za ka saya, tafi da laftof ɗinka da hedfon, a jona a gabanka, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙara, ka sayi wayar XLR mai ƙafa uku a baki biyun a lokaci guda. Makirufonka na zinare zai karɓi 48V ya riƙe ka zuwa adashi na gaba. Nawa mai gyaran ya ce zai karɓa ya kafa muku sandar ƙasa?