Neman shawara: an ɗauke hoton leshin da na saƙa, mai zanen kuma ta taso ni gaba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure. Ni asali saƙar kwarashi nake yi tun ina makaranta, hulunan jarirai da safa da rigar filo. Bara na ci karo da bidiyon wasu tsofaffin mata a garin Buruj na ƙasar Beljiyam suna jujjuya 'yan sanduna a kan matashi, leshi yana fitowa a ƙarƙashin hannunsu, sai abin ya shiga raina. Ban samu bobin ɗin, wato 'yan sandunan da ake naɗa zare a jiki, a kasuwa ba, na kai wa mai sassaƙa hoto ya fere mini guda 24, na farko ya yi su da kauri na mayar, sai da muka yi 'yar cacar baki kafin ya gyara. Matashin kuwa farin soson nan ne da ake kare firji da shi a cikin kwali, na yanka na rufe da yadi. Zaren keke nake amfani da shi.

To bikin 'yar yayata ya taso, na ce zan yi mata bakin mayafi. Na ga wani zanen leshi a Pinterest, shafin da ake tara hotuna, babu sunan kowa a jiki, na buga shi a takarda na saƙa. Na ɗauki hoto tun aikin yana kan matashi na sa a Instagram. Wani shafi mai sayar da kayan amare ya ɗauki hoton, ya yanke sunana da ke ƙasa, ya rubuta wai aikin hannunsu ne, har suna karɓar oda. Ban gama jin wannan ba sai ga saƙon wata Baturiya, wai zanenta ne, sayar da shi take yi, in sauke hoton. Ni aka yi wa sata ni kuma ake tuhuma? Me zan yi? Sannan bakin leshin yana tattarewa yana lanƙwasa, zaren kuma sai tsinkewa.

Hajiya mai koyar da saƙa:
Wa alaikumus salam. 'Yar nan, mu fara da aikin, don hoton da kuke ta rigima a kansa na leshi ne mai lahani.

Tattarewar nan daga bakin miƙaƙƙen gefe take. Akwai tagwayen bobin da ke tsaye a gefen, ba sa yawo, zarensu yana gangarowa kai tsaye. In kika zare fil na baya da wuri, sannan kika ci gaba da jan waɗannan tagwayen, babu abin da zai riƙe su, sai su tattare leshin kamar an ja mazugin wando. Ki bar fil aƙalla santimita 5 a bayan inda kike aiki, na gefe kuma ki danna su har ƙasa ki bar su fiye da haka. Fil na gefe ki ɗan karkata su waje, na tsakiya su tsaya cak. In kin gama, ki bar aikin ya kwana a kan fil kafin ki cire.

Zaren keke na roba ba ya riƙe siffa, da kin cire fil zai koma yadda ya ga dama. Auduga ko lilin ake so. Kaurinsa ma ba a zaɓensa da ido. Ki naɗa zaren a jikin rula, naɗi kusa da naɗi ba tare da sun hau juna ba. A irin saƙar da ake kira Toshon, wadda ramukanta ke tafiya a karkace digiri 45, naɗi kamar 12 ya kamata ya cike tazarar da ke tsakanin fil biyu na gefe. In tazarar milimita 4 ce, kina neman zaren da zai ba ki naɗi 30 a santimita ɗaya. Ya fi haka kauri, aikin ya cushe. Ya fi siriri, ramuka su buɗe.

Soson firji kuwa ki jefar. Yana marmashewa inda fil ya shiga sau da yawa, fil ya riƙa rawa, layi ya karkace. Ki ɗinka jaka da yadi mai kauri, ki cusa garin katako busasshe ko yankakkiyar ciyawa, ki daddaka har sai kin danna da babban yatsa bai lotsa ba.

Maganar Baturiya, tana da gaskiya. Sauke hoton.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya, amma soson bai taɓa ba ni matsala ba. Kuma ta yaya take da gaskiya? Babu suna a jikin zanen. Ni na zauna na saƙa, ni na sha ciwon baya.

Wata 'yar uwa mai ɗinkin hula:
Ƙanwata ki toshe ta kawai ki huta. Su wa suka taɓa neman izininmu? Zanen hular da mata ke wata guda suna ɗinkawa da allura, inji ya kwaikwaya a cika kasuwa da shi a rabin kuɗi, babu mai cewa uffan. Atamfa ma haka, zane ya fito yau gobe ka ga jabunsa. Sai namu ne banza? Ki canza wani ɗan wuri a zanen, na ji an ce in ka sauya kashi 30 cikin ɗari ya zama naka.

Malam mai aikin lauya:
Wannan magana ta kashi 30 ba ta cikin doka, ni dai ina roƙo a daina yaɗa ta. Abin da ake dubawa shi ne ko an kwashi muhimmin ɓangare na aikin wani.

Malama, haƙƙi biyu ne a cikin hoton nan, kowanne da mai shi. Zanen, wato takardar nan mai ɗigo-ɗigon ramukan fil da layukan da ke nuna hanyar zare, na wadda ta zana ne tun ranar da ta zana shi, ko ta yi rajista ko ba ta yi ba, ko da sunanta a jiki ko wani ya goge. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda ke kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, a shekarar 1993, don haka aikin ɗan wata ƙasa da ke cikin yarjejeniyar yana da kariya a nan. A dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022 kariyar irin wannan aiki tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Hoton kuma naki ne tunda ke kika ɗauka, shafin kayan amaren ba shi da ikon ɗauka, balle ya yanke sunanki.

Ga abin yi game da su. Kafin ki yi musu magana, ki ɗauki hoton allon wayarki yadda sunan shafin da kwanan wata za su fito, ki kwafi adireshin abin da suka wallafa, ki ajiye asalin hoton da ke cikin wayarki, don shi ne ke ɗauke da ranar da aka ɗauka. Ki tura musu saƙo gajere: hoton nawa ne, ku sauke ko ku rubuta sunana ku cire maganar cewa ku kuka yi. In sun ƙi, Instagram na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, za a nemi adireshin naki da nasu. Ki sani, sukan miƙa wa wanda aka yi ƙorafi a kansa sunan mai ƙorafi da imel ɗinsa, sai ki sa imel ɗin sana'a.

Amma fom ɗin nan dai ita ma Baturiyar yana hannunta. Ta zaɓi ta rubuto miki ne.

Hajiya mai koyar da saƙa:
Yauwa Malam. Kuma ku da ba ku saƙa ba ku gane abin da ya ƙona mata rai ba. An ɗauki hoton aikin yana kan matashi, kwalin zanen a buɗe. Duk wanda ya iya sana'ar zai buɗa hoton ya kwafe ɗigon ramukan tsaf, ya huta da saye. Da yawan masu zane ba sa hana a nuna aikin da aka gama, har daɗi suke ji, abin da ba sa yafewa shi ne a baza kwalin. Shi ya sa ake rufe ɓangaren da ba a saƙa ba da ƙyalle mai duhu, wanda dama ana shimfiɗa shi don kada bobin su goge zanen. Ko a jira a cire aikin, a shimfiɗa a kan baƙin yadi, a ɗauka daga gefe.

A ƙasan hoto kuma layi uku sun isa: zane na wance, saƙa tawa, zare kaza lamba kaza. In kin sauya wani abu ki ce an ɗauko daga zanen wance da ɗan sauyi. In ba ki san mai shi ba, ki sa hoton a Google Lens ko TinEye, masu binciko inda hoto ya fito, ki bi sawu. Rubuta "daga Pinterest" ba ambato ba ne, Pinterest ba ya zane. Sunanki kuma ki daina sa shi a kusurwa, ki ɗora shi shara-shara a tsakiyar leshin inda in an yanke sai an ɓata hoton.

Wata 'yar uwa mai saƙar kwarashi:
Hajiya ni a nan na ɗan saba da ku. Saƙar nan fa motsi biyu ce kacal, gittawa da murɗawa. Gittawa na hagu ya hau na dama a tsakiyar bobin huɗu, murɗawa na dama ya hau na hagu a kowace tagwaye. Gitta, murɗa, rabin ɗinki. Gitta, murɗa, gitta, ya fito kamar yadi. An buga littafin zanen wannan saƙa a Venis tun 1557. Siffar gizo-gizo da ta mafici da ragar tsakiya duk tsofaffi ne, babu mai su a yau. In zanen nan gizo-gizo ne da mafici a jere, me ta ƙirƙira? Ku tambaye ta hujja kafin 'yar mutane ta sauke aikinta. Ni abin da ke ba ni haushi ma masu shafukan da ke tara hotunan aikin mutane su rubuta "ga mai so ya yi magana", ba su taɓa riƙe allura ba.

Malam mai aikin lauya:
Gaskiya ne ba wanda ya mallaki gizo-gizo ko mafici. Amma yadda aka jera su, da faɗin, da adadin ramuka, da takardar da aka zana, wannan yana iya zama na mutum. Neman hujja ba laifi: ta turo adireshin inda take sayarwa, a ɗora zanen biyu a kan juna a gani. Malama, tambaya ɗaya ba ki amsa ba tukuna. Bayan hoton, kin ba wa wani zanen?

Mai tambaya:
Malam ai ba sayarwa na yi ba. Akwai 'yan mata da nake koya wa ta WhatsApp, na tura musu don su gwada. Kuɗin da suke biya na koyarwa ne, ba na zane ba. Kuma ko na so saye da wane kati zan biya? Kuɗinsu ma in ka juya shi zuwa naira ya fi kuɗin zaren gaba ɗaya. Ni dai a ganina talla na yi mata kyauta.

Hajiya mai koyar da saƙa:
Tirƙashi. To wannan ya fi hoton nauyi, 'yar nan. Ki goge shi daga wurin ɗaliban yau, ki rubuta wa matar ki tambayi sharaɗinta na koyarwa da na sayar da abin da aka saƙa, kowace mai zane da nata.

Kuma wa ya ce sai kin saya? Ki samo takarda mai gidan dara na milimita 2. Ki ɗiga a mahaɗar layi, ki tsallake ɗaya, ki ɗiga. A layi na gaba ki ɗiga a inda kika tsallake. Ragar Toshon ke nan. Ki zana maficinki a gefe ɗaya, miƙaƙƙen baki a ɗayan, ki liƙa a kwali mai ƙarfi, ki huda ramukan duka da allura kafin ki ɗora a matashi, allurar a tsaye. Mai koyar da wasu ya kamata ta iya wannan.

Tsinkewar zare kuma, duba abu uku. Kan bobin da aka fere in bai sha sanfefa ba yana cin zare. Bobin da ke mirginawa gefe ɗaya yana warware murɗin zaren har ya rabu, in kin ga ya fara buɗewa ki ɗaga bobin ki murza shi ya koma. In kin koma lilin, iskar hunturu tana busar da shi ya yi ta karyewa, sai ki ɗora ɗanyen ƙyalle da aka matse sosai a kan ƙyallen rufi na ɗan lokaci, kada ya taɓa fil, don tsatsa ba ta fita daga farin zare. In ya tsinke kada ki ƙulla a tsakiyar aiki. Ki rataya sabon zare a fil can baya, ki haɗa shi da guntun tsohon su yi 'yan layuka tare, sannan ki jefa tsohon baya ki yanke daga baya.

Wata 'yar uwa mai ɗinkin hula:
Duk wannan wahala a kan bakin mayafi. Ni dai har yanzu na ce ki fara da ɓarayin kayan amaren, su ne ke cin kuɗi da gumin ki. In sun karɓi oda me za su kai wa mutane? Na inji za su yanko a kasuwa.

Mai tambaya:
Na ga duk saƙonninku, Allah ya saka da alheri. Shafin kayan amaren na tura musu, sun karanta ba su amsa ba. Hoton nawa ban sauke ba tukuna, don in na sauke da me zan nuna ni na fara sawa? Na dai ƙara sunanta a ƙasa. Ɗaliban kuma sun riga sun buga a takarda, ban ga amfanin gogewa ba yanzu.

Malam mai aikin lauya:
Akwai hanyar ɓoye hoto a Instagram ba tare da an goge ba, yana nan da kwanan watansa. Ƙara suna ba izini ba ne, ita sauke ta ce.

Mai tambaya:
To zan duba. Hajiya, garin katakon nan na kowane itace ne, ko akwai wanda ke ɓata fil?