Adakar hotunan Baba: lalaci ne ko da wata a ƙasa?

Auta: Salamu alaikum mutanen gida. Yau dai zan faɗa ko za a ji haushi, shekara 4 kenan da rasuwar Baba hotunan nan na jibge a adaka ƙarƙashin gadon Hajiya, duk shekara sai a ce bayan sallah za a zauna a gyara, sallah ta wuce wata ta zo shiru kake ji. Lalaci ne kawai ba wani abu ba, duk gidan da ka ga hotuna a leda ko a kwali to malalata ne a ciki, har da ni ban cire kaina ba

Maman Biyu: Kai Auta da sassafen nan 😂 ka karya kuwa?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ban yarda ba. Kai ka taso ka tarar da waya mai kyamara ne shi ya sa kake ganin abin wasa ne. Fim ɗaya a kyamarar Baba hoto 36 yake ɗauka, ni da kaina na ƙirga ambulan ɗin situdiyo a adakar nan sun kai 40, yi lissafi ka gani, 1,440 kenan, ban da na masu hoton biki da suke wankowa su biyo ka har gida ka saya, ban da na Makka

Auta: Yaya wayata akwai hoto ya fi 9,000 fa

Yaya Babba: Wayarka ita ke jera maka su da rana da wata ba ka ɗaga ko yatsa ba. Na takarda juya bayansa ka gani, fari fat, sai dai hatimin mai hoto in an yi sa'a. Ka ɗauko hoto ɗaya maza biyar sun sha babbar riga a gaban wata fijo, ba ka san shekarar ba ba ka san garin ba uku daga ciki ba ka taɓa ganinsu ba, a wane shafi za ka sa shi? Nan aikin yake tsayawa, ba a ƙyuya ba

Kawu: Ku bari in sa baki. Akwai abin da ku yara ba ku lura da shi ba. Da can hotunan nan a bangon falo suke cikin firem, mahaifiyarku ce ta sauke su bayan ta ji wa'azi kan hadisin nan da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto. Malamai sun yi saɓani kan hoton kyamara, wasu sun haɗa shi cikin hanin wasu sun ce a'a. To ita ta kasa ƙonawa kuma ta kasa ratayewa, sai ta zuba a adaka ta rufe. Gidaje da yawa haka abin yake, ba a yanke hukunci ba ne aka tura shi ƙarƙashin gado

Auta: Allah ya ƙara girma Kawu, amma ai albam ba bango ba ne, rufe shi ake yi. Kuma ajiyar ma ba ajiya ba ce, bara da na leƙa wasu sun manne da juna saboda danshin damina ka ja ɗaya fuskar mutum ta biyo bayan ɗayan, tsohon albam ɗin nan mai gam da leda a kai duk ya koma ruwan ɗorawa, kyankyasai sun ci gefe. Ku tuna ambaliyar Maiduguri ta 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, dare ɗaya ruwa ya shiga ɗakunan mutane, kuna ganin hoton takarda zai kai labari? Mu ko ruwa bai zo ba gara ta ishe mu

Maman Biyu: To tunda an zo nan bari in faɗi nawa. Ni na taɓa buɗewa da niyyar gyarawa wlh, na shimfiɗa tabarma na kawo sabon albam har biyu, hoto na huɗu da na ɗauko shi ne na ranar kai ni ɗaki Baba ya dafa kaina yana dariya har haƙorin Makkansa ya fito, ban san lokacin da na fara kuka ba, Hajiya ta shigo ta gan ni ita ma ta zauna, ranar ko girkin rana ba a yi ba. Na mayar na rufe. Albam ɗin suna nan a wadirof ɗina ko ledarsu ban cire ba. In wannan ne lalaci to na karɓa

Auta: Allah ya jiƙan Baba. Yi haƙuri Anti ban san an yi haka ba

Yaya Babba: Amin. Kuma akwai wadda kowa ke kewayewa. Inna tana cikin hotunan nan da yawa, shekarunta nawa a gidan kafin su rabu. In an tashi jerawa wa za a sa a shafin farko kusa da Baba? A cire ta 'ya'yanta su ji ba daɗi, kuma 'yan'uwanmu ne, a bar ta Hajiya ta buɗe ta gani. Akwai ma wani da aka yanke da reza, an cire mutum ɗaya sai hannu kawai ya rage a kafaɗar Baba da lalle da awarwaro

Maman Biyu: Yaya don Allah kar a tono wanda ya yanke 🙈

Kawu: A bar kaza cikin gashinta

Auta: Naji, amma duk da haka ban sauka gaba ɗaya ba. Ba sai an jera ba ai, a ɗauke su a waya kawai, akwai manhajar PhotoScan ta Google tana cire ƙyallin nan da ke fitowa in ka ɗauki hoton hoto, kowa ya samu nasa ba rigimar wa zai riƙe na asali tunda ranar rabon gado ba wanda ya kawo maganarsu. A rubuta suna a baya da fensir, banda biro don yana huda takarda ya ɓata. Wannan ɗin me ya hana mu in ba ƙyuya ba?

Yaya Babba: Sunan wa za ka rubuta? Gwaggo kaɗai ta rage da ta san fuskokin nan kuma idonta ya fara rauni

Auta: To gwaji, ga wanda na ɗauka bara, mutumin da ke hagun Baba mai hula zanna da agogo, waye?

Gwaggo: Jikarta ce ke rubutawa, na ƙara mata girman hoton ta kawo shi dab da ido, ta ce ƙanin kakanku ne wanda ya tafi Sudan bai dawo ba, kuma a tashar jirgin ƙasa ta Kano aka ɗauka

Kawu: A'a a gaya wa Yaya ta sake dubawa, wannan telan unguwarmu ne, ni na san agogon nan

Gwaggo: Ta ce wai lokacin ku ko wando ba ku fara sawa ba Kawu, kuma ta ce a kawo mata adakar gaba ɗaya ranar Juma'a bayan la'asar, a taho da tabaraunta da ta manta a ɗakin Hajiya