Sikeli ɗaya mai kyau, ko na kicin guda uku?

Malamar Kimiyya, Gusau: Assalamu alaikum. Ƙungiyar iyaye ta ba ni naira 30,000 don firatikal na 'yan SS1. Gwaji biyu nake so su yi da hannunsu: awon densiti (nauyin abu a raba da girmansa), da nuna cewa nauyi ba ya ɓata idan abubuwa suka haɗu suka sauya. In sayi sikeli ɗaya mai karanta giram 0.01, ko na kicin uku masu karanta giram 1? Ajin ya cika maƙil.

Ɗan Ƙaura: Malama, silinda mai awo ki fara nema. Ki jefa ƙusa cikin ruwa, ki ga yawan da ruwan ya ƙaru, ki raba nauyin ƙusar da wannan ƙarin. Ƙarfe zai ba ki wajen 7.9.

Malamar Kimiyya: Silinda muna da ita, Malam. Sikeli na tambaya.

Tsohon Malami, Talatar Mafara: 'Yata, na kicin ya isa ga densiti in dutsen babba ne. Ga na biyun ba zai yi ba. Hodar bekin soda giram 2 a cikin ruwan tsami na binega, iskar da yake fitarwa kusan giram 1 ce kacal, sikelin kicin zai haɗiye ta. Kuma kada ki ɗaura balan-balan a bakin kwalba: in ya kumbura iskar ɗaki na ɗaga shi, nauyi ya ragu, yara su ce Lavoisier, masanin da ya ce nauyi ba ya ɓata, ƙarya ya yi tun 1789. Gorar roba babba mai murfi, soda kaɗan, a auna a rufe, a buɗe a sake aunawa.

Baban Ikilima: Ni ban ƙara sayen mai 0.01 ba har abada. Da albashina na saya, 18,000, a wani shago. Ranar firatikal fanka na kaɗawa lambobi na rawa, muka kashe fanka yara na zufa. Sai wani yaro ya ɗora dutsen da ya fi ƙarfin sikelin, shi ke nan sikelin ya mutu. Mai shago ya ce ba ya karɓa. Shugaban makaranta ko sannu bai ce mani ba, sai tambaya ya yi wa ya ba ni izinin saye.

Ɗan Anka: 18,000? An cuce ka. Irin na masu awon zinari 7,000 na saya.

Baban Ikilima: Yaushe? Wanga farashi ya wuce tun kafin cire tallafin mai.

Ɗan Anka: Ko ma nawa ne, mu muka san sikeli. Densitin zinari 19.3, na tagulla bai kai 9 ba, da ruwa a kofi muke kama mai algus.

Tsohon Malami: Kasuwa daban, aji daban, ɗana. Naku yatsa biyu ke taɓa shi.

Ɗan Ƙaura: Malama, ki ari na mai nama, har tsire a yi wa yara firatikal 😂

Maman Sadik: Ni uwa ce, ina da tambaya. Kowace shekara muna biyan kuɗin firatikal, amma ɗana bai taɓa riƙe bututun gwaji ba sai saura mako guda WAEC. Ina kuɗin ke zuwa?

Baban Ikilima: Hajiya, kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Namu ɗakin gwajin makulli na aljihun mutum ɗaya, kayan na cikin kwali, gara ta ci rabi.

Malamar Kimiyya: Don Allah, Asabar zan shiga kasuwa. Ɗaya ko uku?

Maman Sadik: Malama, ki fara tambaya a ba ki rasit na kuɗin bara.