Na roƙi gafara amma nauyin bai sauka ba, wa ya taɓa shan horon Ubangiji?

Ɗan Kwaya:
Salama 'yan'uwa. Akwai abin da ke hana ni barci shi ya sa na kawo shi nan. Bara waccan ni ne ma'ajin zumuntar matasa a ikilisiyarmu, kuɗin da muka tara don sayen kibod na kiɗa suna hannuna, sai kuɗin makarantar ƙanwata ya taso na ɗebi dubu 80 da niyyar in mayar ƙarshen wata, toh wata ya zama shekara biyu. Na durƙusa a ɗakina na roƙi gafara ba sau ɗaya ba, kuma na san Afisawa 2:8-9, ta wurin alheri aka cece mu ba don ayyukanmu ba, amma in na tashi zan ja waƙa sai harshena ya yi nauyi, ranar Jibin Ubangiji kuwa in tiren gurasa da ƙoƙo ya iso kaina hannuna har rawa yake. Ba wanda ya sani har yau. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya min yadda ya fita.

Mai Hatsi, Saminaka:
Ƙanena ni ma na bi ta hanyar nan. Masara nake sayarwa, kuma shekaru ina da mudu biyu, na saye da na sayarwa, na sayarwan na bubbuge gindinsa ya shiga ciki kaɗan yadda ido ba zai gane ba. Ina zuwa sujada, ina ba da zakka, har addu'ar safe nake ja. Wata rana a nazarin Littafi aka ba ni in karanta Karin Magana 11:1 kan ma'aunin algus, na karanta da bakina gumi na karyo min alhali sanyi ake. Daga nan kwanciyar hankali ta ƙare. Abin da Dauda ya faɗa a Zabura 32 ne ya same ni, da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace, hannun Allah ya yi masa nauyi dare da rana. Ban san adadin mutanen da na cuta ba balle in biya su ninki huɗu kamar Zakka mai karɓar haraji, abin da na iya shi ne na sa guduma na fasa mudun a gaban matata, kwastomomin da na sani kuma na bi su na faɗa musu. Wasu sun daina saye a wajena har yau. Kai naka da sauƙi, ka san masu kuɗin, ka san nawa ne.

Maman Biyu, Jos:
Nawa a fili aka yi. Na yi ciki kafin aure, dattawa suka sa ni ƙarƙashin horo wata shida, bencin baya, ba waƙa a kwaya, ba cin Jibin Ubangiji. Lahadin farko kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma akwai wata tsohuwa a zumuntar mata, duk Lahadi sai ta bar wurinta a gaba ta ɗauko Littafin Waƙoƙinta ta zo ta zauna kusa da ni mu riƙe tare, ba ta taɓa min wa'azi ba ko sau ɗaya. Ba don ita ba da na bar coci gaba ɗaya. Abin da ke min ciwo har yanzu shi ne wanda ya yi min cikin ya koma wani gari ya ci gaba da kaɗa ganga abinsa, ni da laifina ya fito a jiki ni kaɗai na zauna a baya. Horon ya gyara ni, ban musa ba, amma iyayenmu dattawa ku dinga duba Galatiyawa 6:1, da tawali'u aka ce a komo da mutum.

Uwar Marigayi:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ɗana sikila ne, ya rasu yana shekara 9, a zaman makoki wata ta riƙe hannuna ta ce in binciki kaina ko akwai abin da Ubangiji ke hora ni a kai. Wata uku ina tonon rayuwata ina kuka. Sai da na kai ga Yohanna 9, inda almajirai suka tambaya wa ya yi zunubi aka haifi mutumin nan makaho, Yesu ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba, sannan na samu numfashi. Don Allah a daina liƙa wa kowace wahala sunan horo.

Baba Mai Ritaya:
'Yata sannu, Ubangiji ya ta'azantar da ke, gaskiya kika faɗa, abokan Ayuba ma haka suka yi kuma Allah ya yi fushi da su. A shekarun da na yi ina kiwon ikilisiya na lura in horo ne mutum ba ya lalube, ya san laifin da sunansa, kamar yadda annabi Natan ya nuna Dauda ya ce kai ne mutumin. Ɗana mai tambaya, duba 2 Sama'ila 12, an ce wa Dauda an kawar da zunubinsa ba zai mutu ba, amma takobi bai rabu da gidansa ba, ga abin da ya biyo baya da 'ya'yansa Amnon da Absalom. Romawa 8:1 na nan daram, ba hukunci a kanka, cetonka bai tafi ko'ina ba. Ibraniyawa 12 kuma ta ce wanda Ubangiji ke ƙauna shi yake horo, ɗan da ba a horonsa shi ne abin tausayi. Sannan 2 Korintiyawa 5:10 mu masu bi aka rubuta wa, duk za mu tsaya gaban kursiyin Almasihu. Allah ya yafe maka, amma dubu 80 na yaran nan har yanzu tana wuyanka. Je ka ga fastonka kafin Lahadi.

Ɗan Kwaya:
Na gode Baba, na gode iyayena. Jiya da yamma na je gidan fasto, na fi minti goma ina juya kofin ruwa a hannu kafin maganar ta fito. Mun shirya zan dinga biyan dubu 10 duk wata, na ajiye muƙamin ma'aji, kuma ran Lahadi bayan sujada zan tsaya gaban matasa in faɗa da bakina. Tsoro nake ji sosai, ƙanwata ma tana cikinsu kuma ba ta san da kuɗin wa aka biya mata makaranta ba. Ku sa ni a addu'a.