Ina haddace manyan kalmomin Turanci amma ba sa zama, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin rubuta jarabawar Turanci ta IELTS don neman gurbin digiri na biyu. Kullum bayan sallar asuba nakan kwafi kalmomi masu wuya daga ƙamus tare da ma'anarsu, in yi ta maimaitawa. Kafin mako ya zagayo sun bi iska. Waɗanda suka tsaya kuma, in na sa su a rubutu sai malamina ya ce ba nan ne muhallinsu ba. Abin ya dame ni ƙwarai, ga lokaci yana ƙurewa.

Wata malamar Turanci: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwafar kalma tsurarta ne ke cutar ka. Kowace kalma tana da abokan tafiyarta: Bature zai ce heavy rain, ba zai ce strong rain ba, alhali ma'anar ta yi kusa. Ka riƙa kwafo jimlar da ka tsinci kalmar a ciki gaba ɗayanta. Ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's, yana jero misalai a ƙarƙashin kowace ma'ana, su za ka fi zama a kai. Kuma don Allah ka rabu da kalmomin burga. Mai duba takardarka dacewa yake nema.

Wani ɗalibin digiri na uku: Na goyi bayan Malama. Tunda karatun jami'a ka nufa, nemi Academic Word List da Averil Coxhead ta fitar a 2000, dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun ilimi. Sannan ka koyi saiwoyin kalmomi, wato guntayen da aka gina su da su. Manyan kalmomin nan akasari daga Latin da Faransanci suka shigo, musamman bayan da Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila a 1066. In ka san bene alheri ne, mal kuma sharri, ka gane benevolent da malevolent ba tare da ƙamus ba.

Wata 'yar'uwa: Yaya, saiwa tana taimakawa amma takan yaudari mutum. Invaluable ba ta nufin marar amfani, tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Sai ka riƙa tabbatarwa. Batun mantuwa kuwa, kalma biyar a rana ta isa. Yi bitarsu washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Manhajar Anki za ta tsara maka lokutan da kanta.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Malama, in na rubuta jimlolina zan iya turowa nan a duba mini?

Malamar Turanci: Turo su, ƙanena, biyar biyar kowace Juma'a.